Abin da Irmiya 29 Ta Koya Mini a Gudun Hijira

Kusan duk wanda ya tashi a ikkilisiya ya haddace Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake yi mana, na alheri ne ba na masifa ba. Ana buga ta a kalanda da katin aure, ana rubuta ta a bayan mota. Da ita na girma. Abin da ke kewaye da ita kuwa, sai a 2014 na san shi.

A watan Satumban shekarar Boko Haram suka shiga Michika, ƙarshen Oktoba kuma suka kama Mubi, har da hedkwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da ke Kwarhi. Muka bi daji da yara a goye, daga baya muka tsinci kanmu a Jos, iyalai da dama a gida ɗaya. Kowace yamma mukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida mu yi sujada. Masu wa'azi kan leƙo, wasu su ce kafin Kirsimeti kowa zai kwana a ɗakinsa. Mu kuma mu ɗaga murya mu ce amin.

Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin firamare, gilashinsa ɗaure da zare, Littafinsa Mai Tsarki ya sha ruwan sama a hanya har shafukan sun kumbura. Ranar da wata ta sake kawo ayar, sai ya ce, "'Ya'yana, wasiƙa ce fa. Wa ke fara karanta wasiƙa daga tsakiya?" Ya sa muka koma sura 28.

A can muka gamu da Hananiya, annabin da ya karya karkiyar itacen da ke wuyan Irmiya a gaban jama'a, ya ce cikin shekara biyu za a dawo da waɗanda aka kwashe zuwa Babila. Magana mai daɗin ji, amma ba Allah ya aiko shi ba, a shekarar kuma ya mutu. Wasiƙar da Irmiya ya aika musu a sura 29 kuwa cewa ta yi shekara 70 za su yi. Su gina gidaje, su dasa lambuna, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a. Yawancin waɗanda suka ji wasiƙar ba za su sake ganin Urushalima ba. Su aka faɗa wa aya ta 11.

Tsakar gidan ta yi tsit. Wata uwa ta fashe da kuka, ba wanda ya hana ta.

Daga nan karatuna ya canja. Nakan ɗauki littafi guda in bi shi daga farko, in tambaya: wa ya rubuta, ga wa, suna cikin wane hali? Ta haka na gane Filibiyawa 4:13 daga kurkuku Bulus ya rubuto ta, bayan ya ce ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da yalwa da rashi. Idan an yi wa'azi kuma, nakan koma gida in duba, yadda mutanen Biriya suka yi a Ayyukan Manzanni 17. Wannan ba raina fasto ba ne. Fasto nagari murna yake yi da shi.

Abin da ya fi mini wuya shi ne addu'a domin garin da na zauna ba da son raina ba. Zuciyata tana Michika, ga haushi fal. Amma umarnin a fili yake. Na fara ambaton maƙwabtanmu da sunansu a addu'a, har da Musulmin da wannan wuta ta koro kamar mu. Na nemi 'yar gona na shuka masara, alhali a da gani nake yin shuka a nan kamar fid da rai ne da komawa. Ibraniyawa 5 ta ce madara ta jarirai ce, abinci mai tauri na manya ne, waɗanda suka saba rarrabe nagarta da mugunta ta wurin yi yau da gobe. A ganina, wanda ke neman alkawari kawai yana gudun umarnin da ke tare da shi, har yanzu madara yake sha, komai daɗewarsa a majami'a.

Yanzu ina jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa. Duk wanda ya kawo ayar da yake so, sai ya karanta mana surar gaba ɗaya tukuna, sannan mu tattauna.