Ga ƙannena da suka fara koyarwa a jami'o'in Legas

Ku da kuka karɓi aji a Akoka ko Ojo ko Idi-Araba, duk kuskuren da zan ambata a nan na yi shi, wasu ma na daɗe ina maimaitawa. Tushensu ɗaya: ina auna koyarwa da yawan abin da bakina ya faɗa, alhali ma'aunin shi ne abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa bayan na fita.

A lacca, ku daina tambayar "kun gane?". Zauren mutum ɗari uku zai amsa da murya ɗaya, kuma amsar ba ta nuna komai. Bayan kowane minti goma sha biyar, ku rubuta ƙaramar tambaya a allo, ku ba su minti biyu kowa ya gwada, sannan ya nuna wa na kusa da shi. Ku sauka ku zaga har layin baya kuna leƙa takardu. A nan za ku ga inda aka ɓace. In kun jefa tambaya, ku ƙirga goma a zuci kafin ku zaɓi mai amsawa. In kuka ɗauki hannun farko, mutum uku ne za su riƙa magana har ƙarshen zango. Laccar ƙarfe takwas kuwa, kada ku sa jigon darasi a mintuna goman farko, domin wanda ya taso daga Agege ko Ikorodu yana can cikin cunkoso ba da son ransa ba. Ku fara da bitar darasin baya. Kuma ku shiga da darasin da za ku iya yi da allo kawai, don ranar da aka ɗauke wuta majigi ya mutu.

Darasin bita ba ƙaramar lacca ba ce. In malami ya warware tambayoyi shida a allo ɗalibai suna kwafa, shi ne ya yi bita. Ku raba tambayoyin kwana biyu kafin zama, ku raba aji huɗu-huɗu, ɗalibi ya riƙe alli. In ya kauce, ku bar shi ya ƙarasa layin, sannan ku tambayi aji inda aka saki hanya. Yaranmu Hausawa da yawa sun san amsa, kunyar Turancinsu ce ke rufe musu baki. A ƙaramin rukuni bakin yakan buɗe.

Inda na fi yin ɓarna shi ne ɗakin gwaje-gwaje, don haka zan daɗe a nan. Ɗauki gwajin auna ƙarfin asid da ruwan soda, wanda kusan duk ɗan aji ɗaya na kimiyya ke yi. Littafi zai ce a narka giram 4 na sodiyom haidiroksaid, sodar nan ta yin sabulu, a lita ɗaya ta ruwa, a samu ƙarfin mola 0.1 (mola shi ne ma'aunin ƙarfin irin wannan ruwa). To amma ƙwayoyin sodar suna zuƙar laima, iskar Legas kuwa jiƙe take. Ka bar su a kan ma'auni ɗan lokaci, za ka ga sun fara sheƙi suna manne wa juna, wani ɓangare na nauyin da ka auna ruwa ne. Bayan an narka ma, in kwalbar na buɗe, tana shan kabon dayoksaid daga iska, ƙarfinta na raguwa. Sai ɗalibi ya yi aiki daidai, sakamakonsa ya saɓa wa lissafinka, ka rage masa maki bisa laifin da ba nasa ba. Maganinsa: kwana ɗaya kafin aji, kai da ma'aikacin ɗakin ku yi gwajin da ainihin kwalaben da ɗalibai za su yi amfani da su, ku tantance ƙarfin sodar, ku rubuta shi da kwanan wata a jikin kwalba. Ma'aikacin nan ya fi ka sanin wace buret (dogon bututun gilashi mai ma'auni da famfo a ƙasa) ce ke yoyo, ka girmama shi ka tambaye shi.

Ranar aji, bayani kada ya wuce minti goma. Ka nuna sau ɗaya, sannan ka tsaya bayansu ka lura da hannuwa. A ɗauraye buret da ruwan sodar da za a zuba a ciki, domin ragowar ruwan wanki yana tsinka shi. A buɗe famfon buret a kori kumfar iskar da ke maƙalewa a bakinta, in ba haka ba za a ƙirga iska a matsayin ruwa. A auna mililita 25 na asid, a sa ɗigo biyu ko uku na fenolftalin, ruwan da ke komawa launin hoda idan soda ta cinye asid, sannan a riƙa ɗiga soda daga buret a ciki. Ido ya daidaita da ƙasan lanƙwasar saman ruwan yayin karatu. Wurin tsayawa shi ne launin hoda mai haske wanda ya zauna kamar daƙiƙa talatin. Ka faɗa musu tun farko cewa launin zai dusashe daga baya saboda iska, don kada su ci gaba da ɗiga soda har ya yi jajir. Gwajin farko na lalube ne, a maimaita har a samu karatu biyu ko uku da bambancinsu bai wuce mililita 0.1 ba.

Ka sa hannu a kan lambobin kowane rukuni kafin su fita, da biro. In ba haka ba za a goge a kwafi na maƙwabci, ko na 'yan bara. Wanda sakamakonsa ya kauce amma ya bayyana dalili, ka ba shi maki mai kyau a fili, sauran su gani.

Batun tsaro kuma ba a sassauci: tabarau a ido, takalmi rufaffe, mayafi a cusa cikin farar riga nesa da wuta, ba a zuƙar komai da baki, kuma asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Kafin ka buɗe kwalba ko ɗaya, ka tabbata famfo na kawo ruwa, in babu a ajiye bokiti biyu cike kusa da ƙofa.