Tsohuwar Boss DM-2

Yau a situdiyo abokina ya zaro wata tsohuwar fedar jita, 'yar na'urar da ake takawa ta riƙa maimaita sauti, daga jaka, Boss DM-2, jar nan da Japan ta fara ƙerawa a 1981, fentin gefenta duk ya koɗe. Ya jona ta, na taɓa tsirkiya ɗaya kawai. Sautin ya dawo, ya sake dawowa, kowace dawowa ta fi ta baya dushewa, kaifin yana zubewa har ya narke a bayan kiɗan. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Da na murɗa maɓallin Intensity, mai ƙara yawan dawowar sautin, sama kuwa, amon ya fara kumbura yana cin kansa, sai da muka rage sifika da sauri.

Ƙwayar lantarkin da ke cikinta tana miƙa sautin ne mataki-mataki har 4096, kamar masu kashe gobara suna miƙa bokiti hannu da hannu, dole wani ruwan ya zube a hanya. Jinkirinta bai wuce milisakan 300 ba. Na kwamfuta ya fi tsawo, ya fi tsabta, amma bai taɓa sa ni tsayawa haka ba. Yanzu tunanina ɗaya: anya zai yarda ya sayar min?