Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Autanmu Mai Dambu

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan tarihi. Makon jiya na tsaya daidai inda na koma ɗakin mijina a unguwar Zariya bayan wankan jego, na kuma yi alkawarin yau zan shiga labarin keken ɗinkina. To ku yi haƙuri, keke zai jira. Ba yadda za a yi in ratsa waɗannan shekaru ban tsaya kan autanmu ba, don a wancan lokaci rabin waɗanda suka san ni a Maradi da "yayar mai dambu" suka san ni. Allah ya yi masa rasuwa a daminar 2024, bai cika shekara talatin ba. Sunansa na yanka zan bar shi a gida. Auta muke ce masa, haka kuma zan kira shi a nan.

Mu mutanen karkara ne. Ƙauyenmu na kudu da Maradi, wajen Jiratawa. Gandun gidanmu kashi biyu ne: akwai jigawa inda ake hatsi da wake da gujiya, akwai kuma ɗan yanki a fadamar Gulbi inda ake zogale da tumatir da albasa in ruwa ya ɗauke. Baba da ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, tare suka gaje shi, tare suke nomansa, ba a taɓa sa igiya an raba ba. Matan gida kowace da gamanarta. Inna kuma tana da jajayen awakin nan namu na Maradi, waɗanda ba ta yarda ko Baba ya yi musu tsawa.

Auta yana ɗan shekara goma ko kusa da haka aka yi yunwar 2005. Manya sukan ce ba ta kai ta 1984 ba, wadda suke kira El-Buhari, amma mu ita muka gani da idonmu. Daminar 2004 ruwa ya yanke da wuri, fara ta yi ɓarna a wasu wurare, ɗan abin da muka samu kuma Baba ya fitar da rabinsa tun da kaka, ya biya bashi, ya yi mini kayan ɗaki. Da bazara ta kama, sai ga mutanen ƙauyenmu na dafa anza da tafasa, ana kwasar yara masu tamowa zuwa cibiyoyin da likitocin ƙasashen waje suka buɗe a Maradi. Abin da ya tsaya wa Auta a rai kuwa shi ne hatsi bai ɓace ba. Yana nan jibge a kasuwa, buhu kan buhu, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin wanda ya noma shi. Ya raka Baba kasuwa ranar da aka sayar da akuyar Inna aka auno ƴan tiyoyi, a farashin da ya ninka wanda Baba ya sayar. Har ya girma yana maimaita wannan labari, wani lokaci har mu ce masa mun ji, ya isa.

Lakwal, wato makarantar boko, bai yi nisa ba. Ya bari a kwaleji, ya zo Maradi wurina, ya zama yaron wani mai shayi a bakin tasha. A nan ya koyi tashin asuba da riƙe lissafi a ka, a nan kuma ya lura da abin da mutanen gari ke ci da rana: shinkafar waje, taliyar waje, man waje. Direbobi da ƴan kabu-kabu da ƴan dako, yawancinsu ƴaƴan manoma ne irinsa, amma in suna marmarin dambu ko tuwon hatsi sai sun jira tallan yara ko sun koma ƙauye.

Ranar da ya je ya gaya wa Baba yana so ya kafa rumfar abinci, ina gida. Baba na zaune kan buzu yana gyaran ƙotar kalme, bai ko ɗaga kai ba.

"Abinci kamar yaya? Shayi?"

"A'a Baba, dambu da tuwo."

"Namiji da muciya? A gidan nan?"

Wanda bai tashi a ƙasar Hausa ba zai ga kamar ƙaramar magana ce. Namiji ya yi shayi, ya yi tsire, ya yi kilishi, babu mai cewa uffan. Amma ya tsaya kan tukunyar tuwo yana kwasa, an san sunan da ake liƙa masa, kuma sunan ba shi kaɗai zai bi ba, har ƴan'uwansa mata da ƴaƴan Baba Ƙarami in an zo neman aure. Ni kaina ban ga laifin Baba ba a ranar. Inna ce ta warware zancen daga bakin madafa, ba tare da ta fito ba. Ta ce ai ga Gwaggo nan zaune tun rasuwar mijinta, hannunta kuwa duk ƙauyen an san shi. Ita ta riƙa girki, yaro ya riƙa ciniki. Baba ya ce, "Ku kuka sani." A bakin Baba wannan izini ne.

Haka aka soma: rumfar zana, benci biyu, tebur ɗaya da mijina ya ba shi aro, Gwaggo a baya tana fama da hayaƙi. Gaskiyar magana, ba a yi wata uku ba Auta ya fi Gwaggo sanin yadda ake turara dambu, sai dai a ɓoye yake yi, kafin gari ya waye.

Bari in gaya muku yadda dambun nan yake, don shi ne ya yi masa suna. Zogalen daga fadamarmu ake yanko shi da la'asar, a tsige ganyen da dare, a tafasa a zubar da ruwan farko saboda ɗaci, a matse. Tsakin hatsi ake yi da shi, na gandu, wanda aka surfa aka wanke aka ɓarza, ba a yarda ya yi gari ba. A yayyafa masa ruwa, a zuba a madambaci, a liƙe bakin tukunya da tsumma mai ɗanshi don kada tururi ya tsere. In ya yi turarar farko a juye a ƙwarya, a murje shi da hannu tun yana ƙona yatsu, a haɗa da zogalen, a mayar. Sai an sauke ake zuba man gujiya, wanda matan ƙauyenmu suka matsa, da dakakken ƙuli-ƙuli da albasa ɗanya da tonka. Auta ba ya zuba mai da ludayi, da murfin kwalba yake aunawa, kuma in ka ce a ƙara sai ya ce, "Ɗanɗana tukuna, Malam." Na dala arba'in ya ishi mutum ya wuni. Ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo har haɗa kuɗi suke yi su aiko ɗan kabu-kabu da kwano.

Mutane suna ganin gidan abinci ne kawai. Ni da nake ciki na san gandunmu ne ya miƙo hannu cikin birni. Duk mako amalanken Baba Ƙarami na shigowa da hatsi da wake da busasshiyar kuɓewa da itace, ya koma da dusa da ƙanzo da ragowar abinci na awakin Inna, takin awakin kuma ya tafi gona. Ko itacen ba saye ake yi ba. Tun muna yara Baba ya karɓi sassaben zamani, dabarar nan da ta fara yaɗuwa daga jihar Maradi a shekarun 1980: in ka zo sharar gona ba ka tumɓuke tohon kututture, sai ka zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi ka bari, ka sare sauran. Da farko dariya aka riƙa yi masa, wai gonarsa ta zama ta malalaci. Yau gawo da kalgo da sabara ne cike da jigawarmu. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka hatsi na yin kyau a ƙarƙashinsa, rassan da ake ragewa kuwa su suka riƙa hura murhun Auta.

Amma abin da ya sa na fi ganin girmansa shi ne littafinsa. Wani kaye ne irin na ƴan lakwal, mai shuɗin bango, duk ya sha mai. Ba ya ɗaukar ko tiya ɗaya daga rumbu kyauta. Kuma ba ya biyan Baba da farashin kaka, lokacin da kowa ke fitar da amfani kasuwa ta karye. Sai ya rubuta abin da ya ɗauka, ya jira bazara, ranar da tiya ta hau, ya biya da kuɗin wannan rana. Na ce masa, "Auta, wannan ai cutar kanka kake yi." Ya ce, "Yaya, ribar da ɗan kasuwa zai ci a kan Baba ce nake mayar masa. Ni tawa tana cikin tukunya." Tun daga lokacin Baba bai sake sayar da hatsi da kaka ba, bai kuma sake cin bashi a kan amfanin da bai nuna ba. Na ga ayyukan raya karkara iri-iri sun zo ƙauyenmu da motoci da taro, ban ga wanda ya yi wa gidanmu abin da wannan kaye ya yi ba.

A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Maradi kuwa da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina take numfashi. Tasha ta yi tsit, direbobin da ke cika bencinsa suka ragu, waɗanda suka rage kuma aljihu babu nauyi. Ya rage hannu, ya daina nama sai ranar Juma'a, amma bai rufe ba. Sai kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka ƙaƙaba wa ƙasa takunkumi, aka sake rufe iyaka, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, shinkafa ta yi tashin gwauron zabi. Masu sayar da shinkafa da miya da yawa suka kife tukwane. Masu firigo suka yi ta zubar da kaya. Shi kuwa ba abin da yake dafawa da ke tsallako iyaka in ban da gishiri da magi. A wannan shekara ce ma ya tashi daga rumfa ya kama shago mai ɗaki biyu, ya ɗauki zawarawa biyu daga danginmu suna taya Gwaggo, da yara masu wanke-wanke.

Baba sau ɗaya ya taɓa zuwa. Ya shigo gari ganin likitan ido, na biyo da shi ta wurin ba tare da na gaya masa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon mutane na layi, wani ma'aikaci da rigar ofis yana cewa a ajiye masa na gobe. Auta ya rasa inda zai sa kansa, ya goge benci da hularsa. Baba ya zauna, ya ci loma uku, ya tauna a hankali.

"Wannan na gonar gabas ne."

"Shi ne, Baba."

"Bai bushe sosai ba kuka ɓarza."

Iyakar yabon da ya samu ke nan, kuma ya yi mako yana ba kowa labari.

Duk da shagon, damina ba ta taɓa wuce shi ba. In an yi ruwan shuka sai ya bar wa matarsa da Gwaggo makulli, ya hau babur ya tafi. Noman farko da maimai duk da shi ake yi, ya dawo baƙi wuluk, tafin hannu duk kanta. Matarsa ƴar Baba Ƙarami ce, auren zumunci, kuma shi ya ce ita yake so tun kafin manya su yi magana. Allah ya ba su ƴa mace ɗaya, aka sa mata sunan Inna, shi ya sa ba mai kiran sunanta a gidan.

A can gona zazzaɓin ya kama shi, cikin watan Agusta, lokacin da sauro ya fi yawa a fadama. Ya ce gajiya ce, ya sha magani ya koma bakin aiki. Da aka kawo shi Maradi ba ya gane mutane. Ya kwana biyu a asibiti, a na uku da asuba Allah ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ƙauye aka yi jana'iza, kamar yadda Baba ya nema. Ƴan kabu-kabu suka rako gawa da babura, layi guda tun daga bakin gari, har mutanen Jiratawa na fitowa suna tambaya wane alhaji ne ya rasu.

Bayan sadakar uku aka ɗauko kayen, don a san wanda yake bi da wanda ke bin sa kafin a yi zancen gado. Mijina ya karanta a gaban Baba da Baba Ƙarami da liman. Masu cin bashi suna da yawa, wasu ma ba suna, sai "mai jan babur" ko "ɗalibi dogo". Wasu sun zo da kansu sun biya, wasu har yau. A shafin gandu kuwa an tarar ya biya Baba kuɗin hatsin bara duka, har da ƙarin jika goma da ya rubuta a gefe: na taki.

A nan rigima ta taso, kuma ba ta mugunta ba ce. Baba Ƙarami ya ce a sayar da tukwane da benci a saki shago, a ajiye wa marainiya kuɗinta, tunda ƴarsa ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, ba mai tsayawa. Gwaggo ta ce ita ba ta san lissafi ba. Yayyenmu maza biyu, ɗaya yana Agadas ɗaya yana Legas, kowa ya ce a yi abin da ya dace, wato kada a sa shi ciki. Mai shago ya aiko a gaya masa matsayi kafin ƙarshen wata. Baba ya yi shiru kwana da kwanaki, sannan wata safiya ya sa aka kira ni, ya tura mini kayen da makullin a kan buzu, ya ce, "Ke kika yi lakwal."

Mijina bai san da wannan magana ba sai da na dawo Maradi da makulli ɗaure a bakin zane. Abin da ya ce, da yadda muka kwashe da danginsa, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wanda ya karanta ya sa Auta cikin addu'a.