Saukar da baƙi a Pantelleria, tsibirin da iska ke tsara wa aiki

Abu na farko da muke rubuta wa duk wanda ya nemi masauki ta hannunmu a Pantelleria, tun kafin a kai ga maganar kuɗi, shi ne cewa tsibirin nan ba shi da bakin teku mai rairayi. Gaɓarsa baƙin dutse ne na aman wuta, wani wurin shimfiɗaɗɗe, wani wurin mai kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Baƙon da ya zo da niyyar shimfiɗa tabarma a kan yashi zai yi mako guda yana ƙunƙuni, kuma laifin na mai masauki ne da bai faɗa masa ba. Wanda aka gaya wa gaskiya, ya sayo takalmin roba na shiga ruwa kafin ya taso, shi ne yake sake dawowa baɗi.

Pantelleria ƙaramar hukuma ce guda ta ƙasar Italiya, a ƙarƙashin yankin Trapani na Sisili. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 83 ne, mazaunanta na dindindin kuma ba su kai dubu takwas ba. Ta fi kusa da Afirka a kan Turai: tsakaninta da Sisili sama da kilomita 100 ne, tsakaninta da gaɓar Tunisiya kuwa wajen 70, har idan gari ya washe ana hango tsaunukan Tunisiya da yamma. Duk da haka bizar Italiya ake shiga da ita, irin ta Shengen. Tsibirin gaba ɗayansa kan wani dutse ne mai aman wuta da ya ɓullo daga teku. Ƙololuwarsa, Montagna Grande, tana da tsayin mita 836. Aman wuta na ƙarshe a 1891 aka yi shi, a ƙarƙashin ruwa, arewa maso yamma da tashar jirage, amma har yau ƙasar tana fitar da tururi da ruwan zafi, kuma rabin abin da baƙi ke zuwa gani ke nan.

Sana'armu kashi uku ce: mu kula da gidajen da masu su suka damƙa mana, mu saukar da baƙi a cikinsu, mu tsara musu inda za su je kowace rana. Duka ukun iska ce ke riƙe da linzaminsu. Ana cewa Larabawa sun kira tsibirin Bintur Riyah, wato ɗiyar da iska mai kaɗawa ta haifa, kuma wanda ya yi mako guda a nan ba zai yi musun sunan ba. Iska biyu ce ta fi damun aikinmu. Akwai maestrale mai zuwa daga arewa maso yamma, busasshiya mai sanyi, tana tayar da igiyar ruwa a gefen babban gari. Akwai scirocco mai zuwa daga kudu maso gabas, mai zafi da laima, wani lokacin da jar ƙurar Sahara a cikinta. Ƙa'idar ba ta da wuya: a kai baƙo gefen da tsibirin ya kare. Ranar maestrale a nufi kudu da kudu maso gabas, su Martingana da Balata dei Turchi. Ranar scirocco a koma arewa, su Bue Marino da Kattibuale. Kusa da Tracino akwai mashigai biyu da suka ba juna baya, Cala Levante da Cala Tramontana, sunayen iska ne ma aka sa musu. Idan ɗaya ta rikice, sau da yawa ɗayar tana kwance, kuma tafiyar mintoci kaɗan ce tsakaninsu. A nan ne dutsen nan mai siffar giwa ta tsoma hanci a ruwa yake, Arco dell'Elefante, wanda ke kan kusan kowane hoton tsibirin.

Saboda haka ba ma ba baƙo jadawalin mako a rubuce da sunayen ranaku. Muna ba shi jerin wurare, kowace safiya a duba hasashen iska a zaɓa. Wanda ya kafe sai ya je wuri kaza ranar Talata saboda haka aka rubuta masa, shi ne igiya ke bugawa da dutse.

Iskar nan ita ce kuma ke hana shiga da fita. Babban jirgin ruwa daga Trapani yana cin awa shida zuwa bakwai, ƙaramin mai gudu na lokacin zafi kuwa wajen awa biyu da rabi, jirgin sama daga Palermo ko Trapani bai kai awa guda ba. Idan teku ya tashi ana soke ƙaramin jirgin da wuri, babban kuma yakan sauya tasha ya tsaya a Scauri, ƙauyen da ke kudu maso yamma, maimakon babban gari. Mai masaukin da bai bincika ba zai tsaya yana jira a tashar da babu kowa, baƙinsa suna can da akwatuna a wata. Filin jirgin sama a kan tudu yake, gajimare kan sauko ya rufe shi. Shi ya sa muke hana baƙo haɗa ranar barin tsibirin da ranar jirginsa na komawa gida. A bar kwana guda a tsakani, a kwana a Palermo. Kuɗin ɗakin otal na dare ɗaya bai kama ƙafar kuɗin sabon tikiti ba.

Gidan da ake saukar da baƙi sunansa dammuso, kuma nan ne mafi yawan wahalar sana'ar take. Gini ne na baƙin dutse, bango mai kauri daga santimita 80 har kusan mita biyu, rufinsa mai ƙubba. Bahaushe da ya san soro ba zai ji baƙunta ba: kaurin bangon ne ke riƙe sanyi da rana, ƙubbar tana tara zafi a sama. A waje akwai dakalin dutse da suke kira ducchena, da rumfar kara. Rufin na gargajiya da garin jan dutsen aman wuta da farar ƙasa ake yin sa, a yi kwanaki ana bugunsa da katako har ya haɗe, daidai yadda ake daɓen ɗaki da madaɓi. Amfaninsa tara ruwa ne. Tsibirin ba shi da kogi, ba shi da idon ruwan sha, ruwan sama kuma a lokacin sanyi yake sauka, watannin zafi ƙamas suke. An yi gefen rufin da ɗan tudu domin ruwan ya bi ta indararo ya gangara cikin tankin da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa.

Yanzu akwai injinan tace ruwan teku, amma gidaje da yawa na bayan gari har yau da tankinsu suke rayuwa, idan ya ƙare motar ruwa ta kawo. Lissafin da muke yi lita 150 ne ga mutum ɗaya a rana. Iyali mai mutum huɗu lita 600 ke nan, a mako 4,200, ban da ban-ruwan shuke-shuke. Kafin kowane baƙo ya shigo ana zura sanda a tankin a auna. A watan Agusta masu motar ruwa layi ne da su, wanda ya jira sai famfo ya fara tari kafin ya kira zai kwana biyu babu ruwa. Ɓarnar da ta fi yawa daga banɗaki take: robar tankin masai ta saki, ruwa yana ta zurara dare da rana ba a ji, cikin 'yan kwanaki ya shanye na wata guda. Idan tanki ya ƙafe injin jan ruwa yana ci gaba da juyawa, ya ƙone, don haka kowane gida muna sa masa makunnin da ke kashe injin in ruwa ya yi ƙasa. Ruwan tanki na wanka da wanki ne, na sha a saya.

A watan Afrilu ake buɗe gidajen. Bangon dutse yana shan laima duk tsawon hunturu, ɗakin da aka rufe wata biyar yana warin funfuna. Ana buɗe ƙofofi da tagogi aƙalla mako guda, a fitar da katifu rana, a shafe ciki da farar ƙasa. Fentin roba kuskure ne a irin wannan bango, yana kulle laimar a ciki, kafin shekara ya kumbura ya ɓantare. Iskar gishiri kuma tana cin ƙarfe, makulli da hinjin ƙofa sai an shafa musu mai.

Mota ƙarama muke nema wa baƙo, irin tsohuwar Fiat Panda da ta cika tsibirin. Titin da ya zagaye gaɓa wajen kilomita 40 ne kuma yana da kyau, amma hanyoyin shiga gonaki matsattsu ne, katangar dutse hagu da dama. Babbar mota madubinta take bari a can. Hanyar Balata dei Turchi ba ta da kwalta, a karanta takardar haya a ga ko inshora ta shafi irinta kafin a saka mota.

Baƙo yakan sauka a babban gari ya ga gine-ginen siminti marasa fasali, ransa ya ɓaci. Bayanin yana cikin tarihi. Mussolini, shugaban Italiya na lokacin, ya mayar da tsibirin sansanin yaƙi, sai a Yaƙin Duniya na Biyu sojojin ƙawance suka yi makonni suna masa ruwan bama-bamai har dakarun Italiya sama da 11,000 suka miƙa wuya ranar 11 ga Yuni, 1943. Tsohon garin ya rushe, ganuwar Barbacane ta bakin tasha ce ta tsira. Tsohon tarihin a bayan gari yake. A Mursia akwai sesi, tarin duwatsu masu ƙananan ɗakunan binne gawa, na wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa. Tun kafin su ake fitar da baƙin dutsen nan mai sheƙi kamar gilashi zuwa Sisili da Tunisiya ana yin wuƙaƙe da shi. Mutanen Kartaj, tsohuwar daular da ke Tunisiya ta yau, sun zauna, Rumawa suka ƙwace a 217 kafin haihuwar Annabi Isa, suna kiransa Cossyra. A tudun San Marco, a 2003, aka tono kawunan marmara uku na zamaninsu, ciki har da na Yuliyas Kaisar da na sarki Titus.

Abin da ya fi kama zuciyar baƙonmu mai jin Larabci shi ne allunan kan hanya. Musulmi sun mulki tsibirin ɗaruruwan shekaru kafin Normawa, Turawan da suka mulki Sisili, su karɓe a 1123, kuma harshensu ya daɗe a bakin manoma bayan mulkin ya tafi. Gadir daga gadir ne, wato tafki. Gibele daga jabal, dutse. Favara daga fawwara, mai ɓulɓulowa. Khamma, Rekhale, Bukkuram, duk kunne yana gane asalinsu. Inabin da tsibirin ya shahara da shi sunansa zibibbo, daga kalmar Larabci da mu ma muka aro muka ce zabibi.

Gonakin su ne ainihin abin kallo a ganinmu, sun fi tekun. Komai a durƙushe yake saboda iska. Kurangar inabi a cikin ɗan rami ake dasa ta, a datse ta kada ta wuce gwiwa, ramin yana kare ta yana tara mata raɓa. A 2014 UNESCO ta sanya wannan salon noma cikin al'adun duniya da ake karewa. Zaitun ma ana danne rassansa ya bazu a ƙasa. Lemo kuwa gida ake gina masa, zagayayyen bangon dutse da kan kai mita huɗu, bishiya ɗaya tal a ciki. A Khamma akwai irinsa da ake buɗe wa masu ziyara. Sai kappero, tohon furen wani tsiro mai yaɗo. Daga Mayu zuwa Satumba ake tsinkarsa da hannu tun asuba, kafin ya buɗe, a koma kan tsiro guda bayan kwana takwas zuwa goma. Ana zuba masa gishirin teku mai yawa, a riƙa juyawa kullum na kimanin kwana goma, a tsiyaye ruwan ɗacin, a sake sabon gishiri na wasu kwana goma. Wanda zai saya ya jiƙa shi a ruwa kafin ya sa a girki, in ba haka ba gishirin zai ɓata miya.

Ga baƙo Musulmi muna fayyace abu biyu. Passito da za a yi ta miƙa masa bayan abinci giya ce ta busasshen inabi, zaƙinta kada ya ruɗe shi, busasshen zabibin kansa kuwa ana sayar da shi daban. Abincin tsibirin ya fi karkata ga kifi da kayan lambu, akwai kuskus da kifi, akwai haɗin dankali da tumatir da albasa da zaitun da kappero, sai dai a tambaya ko an zuba giya a romon. Alƙibla daga nan wajen digiri 115 take daga arewa, wato gabas da karkata zuwa kudu, saɓanin yadda ake fuskanta a Kano ko Damagaram. Muna sa alama a bangon ɗaki.

Wuraren ruwan zafi suna buƙatar gargaɗi. Tafkin Specchio di Venere a cikin bakin tsohon dutsen wuta yake, a wani gefensa ruwa yana ɓulɓulowa da zafin da ya haura digiri 40. Ana shafa taɓonsa a jiki, a bari ya bushe, a wanke a tafkin ba tare da sabulu ba. A cire zoben azurfa, farar wuta tana baƙanta shi. A Gadir ƙananan kwarmin da ke bakin teku zafinsu ba ɗaya ba ne, a gwada da hannu tukuna, musamman in da yara. Kogon Benikulà, kusa da Sibà, tururi ne zalla: minti goma ya isa, a fita a sha ruwa, mai hawan jini ko juna biyu ya haƙura. A Favara Grande, inda tururi ke fitowa daga ƙasa, a da manoma sukan jera rassa a kansa, ya zama ɗigon ruwa su shayar da dabbobi.

Wuta ita ce babbar fargabarmu. A watan Mayun 2016 gobara ta cinye ɗaruruwan hekta na dajin tsauni, a shekarar ce kuma aka mayar da mafi yawan tsibirin gandun ƙasa, na farko a Sisili. Kafin zafi ya shigo muna nome busasshiyar ciyawa a kewayen kowane gida, kuma ranar da iska ta yi ƙarfi ba a hura gawayin gashi.

Agusta, musamman makon 15 ga wata, gida da mota duk sun yi tsada kuma sun yi wuya. Yuni da Satumba muke ba da shawara, teku da ɗumi, hanya ba cunkoso. Zuwa ƙarshen Oktoba ake fara rufe gidaje. A hau rufi a duba tsaga, a cike ta da farar ƙasa, a share ganye da kashin tsuntsaye daga indararo. Ruwan farko ana karkatar da shi waje ya wanke ƙura da gishirin rufin, sai daga na biyu a mayar da bututun cikin tanki.