Gahawar asuba

Wata uku ke nan da sayen injin esfireso, wato gahawa mai kauri da inji ke tacewa ta hanyar matsa ruwan zafi cikin garin gahawa, sai makon nan gahawata ta daidaita. Da farko yau tsami, gobe ɗaci kamar maɗaci. Ashe niƙa ce matsalar. In garin bai yi laushi ba, ruwan ya wuce da gudu, sai tsami. In ya yi laushi fiye da kima, ya riƙa ɗiga, sai ɗaci.

Na sayi ƙaramin sikeli. Giram 18 na gari, in danne shi daidai, giram 36 na gahawa ya zubo a kofi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Yau bayan sallar asuba na ga ta zubo siririya kamar zuma, kumfa ja-ja a samanta. Wallahi raina ya yi fari. Gobe zan buɗe ƙwayar gahawar Habasha, sai na sake saita niƙa.