Abin da na gane a makare tsakanin Bronx da Scarsdale

Shekaruna na farko a Amurka, kullum bayan sallar asuba nakan hau jirgin ƙasa a tashar Fordham da ke Bronx a birnin New York, in sauka a Scarsdale, inda nake kula da wani dattijo da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Amma in ka zuba ido ta taga, za ka ga dogayen benaye masu jan bulo da tsanin ƙarfe a jikinsu suna raguwa, bishiyoyi suna ƙaruwa, har ka iso inda kowane gida ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar ciyawar da aka aske tas. Mu da muke sauka a wannan lokaci kusan duk baƙi ne: masu raino, masu goge-goge, masu yankan ciyawa. Masu gidajen kuwa suna ɗaya gefen tashar da jakunkunansu, suna jiran jirgin da zai kai su ofis a Manhattan. Fiye da shekara uku ina ganin haka, kuma fassarar da na yi masa ita ce kuskurena na farko, wanda ya haifi sauran.

Na yanke hukunci a raina cewa na Scarsdale sun yi zuciya, maƙwabtana na Bronx kuwa malalata ne, musamman baƙaƙen fata 'yan asalin ƙasar. A majalisarmu ta bayan Juma'a mukan ce, “Mu da muka zo da akwati ɗaya ga shi muna aika kuɗi gida, su da aka haifa a nan me ya hana su?” Na faɗi wannan da bakina ba sau ɗaya ba. Na hana 'yata wasa da yaran benenmu. Akwai wata dattijuwa da ƙofarta ke kallon tamu, wadda na shekara biyu ban yi mata cikakkiyar gaisuwa ba, ni da aka raina a gidan da ake durƙusa wa manya.

Wani dare cikin hunturu ina kwana a wurin aiki, asma ta tashi wa 'yata. Numfashinta ya sarƙe, uwarta kuma lokacin ba ta jin Turanci. Dattijuwar nan ce ta ji kuka ta bango, ta buga ƙofa, ta kira motar asibiti, ta shiga tare da su da silifas ɗin cikin gida, ta zauna har gari ya waye. Da na iso na tarar da ita riƙe da takalmin yarinyar a hannu. Har yau in na tuna wannan takalmi sai kunya ta rufe ni.

Daga ranar na fara shiga gaishe ta, ita kuma ta fara ba ni labari. Mahaifinta daga Carolina ta Kudu ya taso, cikin baƙaƙen fata wajen miliyan 6 da suka bar kudancin Amurka zuwa biranen arewa da yamma saboda wariya. Ya yi soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Da aka dawo, dokar 1944 ta yi wa tsofaffin sojoji alkawarin lamunin sayen gida, kuma a 1947 aka fara gina Levittown a Long Island, dubban gidaje sababbi, kowanne ƙasa da dala dubu goma. Amma a takardar yarjejeniyar an rubuta cewa farar fata kaɗai zai zauna. Tun kafin nan, a shekarun 1930, wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirar birane, ta raba unguwanni launi huɗu: kore, shuɗi, rawaya da ja. Unguwar da baƙaƙen fata ke zaune yawanci ja ake shafa mata, ma'ana ba da bashi a nan hatsari ne, kuma bankuna sun daɗe suna juya wa irin waɗannan wurare baya. Ba a haramta wariya a sayarwa da hayar gida a duk ƙasar ba sai a Afrilun 1968, mako guda bayan an kashe Martin Luther King.

Ƙannena sababbin zuwa Amurka, ku yi lissafin da kanku. Sojan da ya samu gidan Levittown ya mutu ya bar wa 'ya'yansa gidan da yau ke kai ɗaruruwan dubban daloli. Da shi suka yi karatu, da shi suka ci bashin jari. Mahaifin maƙwabciyata ya biya haya har ya koma ga Allah, abin da ya bari kuwa akwatin tufafi da hotonsa cikin kakin soja. Ramin da aka haƙa shekara saba'in da suka wuce ne na zo na tarar da mutane a ciki, na tsaya a baki ina zaginsu.

Ko asmar 'yata ma tana da tarihi. Babban titin Cross Bronx, wanda Robert Moses, babban jami'in gine-ginen birnin New York, ya fara ginawa a 1948, an tsaga shi ne ta tsakiyar unguwanni irin su East Tremont, aka tashi dubban iyalai. Yau manyan motocin kaya ke bin sa dare da rana, kuma kudancin Bronx na cikin wuraren da asmar yara ta fi yawa a birnin. Ni da hannuna na kama haya kusa da titin saboda ta fi araha da 'yan daloli. In za ku kama ɗaki, ku tsaya a tagarsa minti biyar, ku shafa yatsa a bakin tagar ku ga baƙin da zai fito.

Kuskure na biyu na kuɗi ne. Saboda gudun riba, na ƙi banki gaba ɗaya. Duk Juma'a sai in kai cek ɗina shagon canji, su yanki nasu su miƙo mini saura. Na ɗauka na tsare addinina da aljihuna, ashe duk mako ana yanka ni, kuma ban bar sawu a ko'ina ba. A Amurka akwai makin da ake ba kowa gwargwadon yadda yake biyan bashi, daga 300 zuwa 850, mu muna ce masa kiredit. Ranar da na tara kuɗi na nemi haya a unguwa mai iska mai kyau, mai gidan ya duba kwamfuta ya ce ba ni da tarihi. Shekara shida ban taɓa jinkirta kuɗin haya ba, amma a idonsa kamar jiya na sauka daga jirgi. Daga baya na gane cewa wanda ya biya duk abin da ya ci a katin bashi na banki kafin wa'adin wata ba a ɗora masa ruwa. Malamai sun yi saɓani kan halaccin riƙe katin, don haka ku zauna da malamin da ya san yadda ƙasar ke tafiya tun a shekararku ta farko. Aƙalla dai ku buɗe asusun ajiya.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na makaranta. A gida mun saba: ka kai yaro, ka ce wa malam “ga amanarka,” ka juya. Haka na yi. Ban san cewa a Westchester, gundumar da Scarsdale take, kusan kowane ƙaramin gari yana da hukumar makarantunsa, kuma mafi yawan kuɗinta daga harajin gidajen garin yake fitowa ba. Gida mai tsada, makaranta mai wadata. Kotun Ƙoli ta bar irin wannan tsari a 1973, a wata shari'a daga Texas. Garuruwan kuma suna da dokokin gini da ke hana benen haya a yawancin filayensu, don haka ba sai an sa mai gadi a ƙofa ba, farashi ya ishe su katanga. Wani abokin aiki ya ba ni shawara in rubuta adireshin dattijon da nake kulawa a takardar 'yata. Na kusa yi. Allah ya tsare, domin a 2011 an ɗaure wata uwa a Ohio kwana tara saboda ta sa adireshin mahaifinta don 'ya'yanta su shiga makarantar da ta fi kyau. Kai da kake kan takardar zama, irin wannan na iya jawo maka abin da ya fi ɗauri.

Alhali akwai ƙofa ta halas a gabana ban gani ba. A birnin New York yaro yana neman babbar sakandare ne tun yana aji takwas, kuma akwai jarrabawa guda da ke kai shi manyan makarantun gwamnati na kyauta irin su Stuyvesant da Bronx Science. Ƙofar ƙunci gare ta: a 2019, cikin gurbi 895 na Stuyvesant, baƙaƙen fata 7 kacal suka samu. Iyayen da suka sani suna fara shirya yaransu shekara biyu kafin lokaci. Ni sai da aka rufe rajista na ji labari, takardar tana ƙasan jakar yarinyar ban taɓa buɗewa ba. Ina aiki awa goma sha biyu don ita, amma awa ɗaya ta taron iyaye ta gagare ni. Ku je taron nan ko da Turancinku bai nuna ba. Ku nemi tafinta, haƙƙinku ne.

Na daɗe kuma ina gudun ƙungiyar masu haya ta benenmu, ina cewa baƙo ba ya shiga rigima. In mai gida bai kunna ɗumi ba, sai in sayo hita in yi shiru. A ranar 9 ga Janairun 2022, irin wannan hita ta tayar da gobara a benen Twin Parks da ke Bronx, ƙofar da ya kamata ta rufe kanta ta ƙi rufuwa, hayaƙi ya cika benen. Mutum 17 suka rasu, 8 yara ne, yawancinsu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Dokar birnin ta wajabta wa mai gida ba da ɗumi daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, kuma lambar kai ƙara 311 ce. Maƙwabciyata ta san wannan tun ina yaro a gida, kuma ita ce ke bin ƙofa-ƙofa da biro tana karɓar sa hannu.

Yanzu ƙafafunta sun yi rauni, 'yata ce ke yi mata cefane ranar Asabar, ni kuma na karɓi biron. Muna taro a ƙasan bene Talatar farko ta kowane wata bayan magariba. Duk benen da kuke, ku tambayi ranar taronsu, ku je da takardar hayarku, kuma ku fara gaishe da tsofaffin da kuka tarar a zaune.