Shekarar da na jawo wa 'yata ta zauna a gida

Har yanzu in na tuna sai takaici ya kama ni. Yarinyar nan ta yi nata. Makinta na JAMB ya haura abin da sashen harhaɗa magunguna ke nema, WAEC kuma ta fito da kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Jerin farko na waɗanda jami'a ta ɗauka ya fito babu sunanta, na biyu ma haka. Muka yi ta zargin rashin hanya, har na fara neman wanda zai yi mana magana.

Ashe laifin nawa ne. Lokacin rajistar JAMB sakamakon WAEC bai fito ba, sai aka cike mata cewa tana jiran sakamako. Da ya fito a watan Agusta, na buga takardar na ajiye a durowa, na ɗauka shi ke nan. Ba haka ba ne. Sai an koma cibiyar CBT (wurin rubuta jarabawa ta kwamfuta) da JAMB ta amince da ita an ɗora sakamakon, domin jami'a ba za ta iya gabatar da sunan ɗalibi a CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbin karatu, ba matuƙar wannan gurbin babu komai. Ɗorawa a shafin jami'a lokacin tantancewa daban, ɗorawa a na JAMB daban. Ranar da muka je, ma'aikacin ya juyo min da allon kwamfutar, ya nuna min gurbin da yatsa, fayau. Aikin da bai kai rabin awa ba, amma an riga an rufe ɗaukar ɗalibai.

A shekara ta biyu ban bar wa kowa ba. Layin wayar da aka tura lambar NIN zuwa 55019 don rajistar JAMB na cire shi na adana, don in ya ɓace an shiga wahala wajen duba sakamako. Na daidaita sunanta na NIN da na WAEC harafi-harafi. Sakamako kuwa na tsaya a kai har sai da na gani da idona ya hau. Duk mako muna leƙa CAPS, saboda ko gurbi ya fito, sai ɗalibi ya danna ya karɓa da kansa.

Batun kuɗi, kada kowa ya kwanta a kan NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai bashin karatu, tun ranar farko. Bashi ne marar ruwa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati, ana ba ɗalibi naira 20,000 a wata na cefane, sai shekara 2 bayan bautar ƙasa ake fara biya. Amma sai makaranta ta tura bayanan ɗalibi kafin a tantance shi, kuma hakan na ɗaukar lokaci. Kuɗin karɓar gurbi, rajistar zangon farko, ɗakin kwana, katifa, bokiti da risho, duk daga aljihunka za su fito. Ni adashi na shiga tun tana aji biyar, na roƙi uwar adashi ta ba ni kwasa kusa da buɗe makaranta. Kwasar farko ta tafi ne a sayen fom ɗin JAMB karo na biyu da kuɗin darasin share fage na wata shida, saboda takarda ɗaya da ta kwana a durowata.

Yanzu tana aji biyu a jami'a. Ƙanenta zai rubuta tasa jarabawar bana, kuma tuni na rubuta "ɗora sakamako" a jikin kalandar falo, kan watan Agusta, da jan biro.